Haƙurin Tsoho Da Nauyin Da Ke Kan Ɗansa

 

Duk wanda ya bi hanyar Wudil ya shiga ƙasar Gaya, ko ya karkata ya nufi ƙauyukan Ajingi, a tsakiyar rani bayan an gama sussuka an rufe rumbuna, zai lura majiya ƙarfi sun yi ƙaranci a gari. Waɗansu sun tafi birnin Kano, waɗansu Legas, waɗansu har Fatakwal, ana dako, ana tura ruwa, ana gadi, ana sayar da shayi. Waɗanda suka rage su ne mata da yara da tsofaffi. A ƙofar zaure sai a tarar da dattijo a kan buzu, carbi a hannu, ya jingina da bango yana jiran kiran sallar Azahar. In aka durƙusa aka gaishe shi, amsarsa ɗaya ce kullum: lafiya lau, sai godiya. In aka tambayi yara, sai ya ce suna can, sun aiko.

Gaya ba baƙuwar tafiya ba ce. Labarin da aka gada ya nuna cewa daga nan ne maƙeran farko suka tashi suka nufi Dutsen Dala neman tama, su ne Abagayawa. Cirani kuwa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Amma a da mai cirani yakan dawo da faɗuwar ruwan farko, domin gandu yana jiransa. Watau uba da 'ya'yansa magidanta suna noma gona ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya, uba ya biya wa ɗa haraji ya yi masa aure, ɗa kuma ya ba uba ƙarfinsa, yana da 'yar gayaunarsa a gefe. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina ta rubuta littafi a kan wannan tsari a 1972, sa'an nan ta sake wani a 1977 a kan Dorayi da ke gefen birnin Kano. Cikin abin da ta gano akwai cewa manomi mai wadata ya fi iya riƙe 'ya'yansa a gandu, talaka kuwa 'ya'yansa ne suka fi saurin watsewa. Tun a wancan zamani ke nan tsohon da ya fi bukatar hannu shi ne ya fi rasa shi. Yau gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta gado sau biyu ko uku, ba ta ciyar da gida shekara, cirani na wata huɗu kuma ya zama zaman shekara da shekaru.

Tambayar da ta taso daga nan kashi biyu ce, ko da yake a haɗe suke. Ɗan da ke Legas yana turo kuɗi ta waya kowane wata a karɓa a wurin mai POS, shin ya sauke nauyin da Allah Ya ɗora masa? Kuma tsohon da ke cewa sai godiya, shin godiyarsa shaida ce ta cewa ba abin da ke damunsa?

Alƙur'ani mai girma ya siffanta rayuwar ɗan Adam a Suratur Rum, aya ta 54, da cewa tana farawa da rauni, ta kai ga ƙarfi, ta koma ga rauni tare da furfura. Ibnul Jauzi, malamin Bagadaza da ya rasu a shekara ta 597 bayan Hijira, ya raba ta zango 5: ƙuruciya zuwa shekara 15, samartaka zuwa 35, manyantaka zuwa 50, dattijantaka zuwa 70, abin da ya wuce nan kuma shi ne tsufa tuƙuf. Ya nuna kowane zango guzurin na gaba ne. Masu bincike na zamani sun iso wannan wuri ta wata hanya dabam. Wani likita a Ingila, David Barker, ya tono tsofaffin takardun haihuwa na wata gunduma, a 1989 ya bayyana cewa waɗanda aka haifa ba su da nauyi sosai sun fi mutuwa da ciwon zuciya bayan sun manyanta. Wannan abin tsoro ne ga mutanen nan, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma da ba su kai shekara 5 ba sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Tsohon shekara 60 masu zuwa yana goye a bayan uwarsa yanzu, kunun da aka ba shi ko aka hana shi yana cikin lissafin tsufansa.

Amma binciken da ya fi kusa da tambayar ɗan cirani shi ne wanda Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara a 1938. An ɗauki ɗalibai 268, daga baya aka haɗa su da yara 456 daga unguwannin talakawa na birnin Boston, aka bi su shekara da shekaru ana auna jininsu, ana tambayarsu halin aure da sana'a da abokai, har suka tsufa suka mutu, aka ci gaba da 'ya'yansu. Masu binciken sun ce da suka waiwaya suka duba mutanen nan a shekara 50, jin daɗin zama da iyali da abokai ya fi yawan kitsen jini nuna wanda zai kai 80 cikin ƙoshin lafiya. A 2010 kuma wata malama, Julianne Holt-Lunstad, da abokan aikinta suka tattara bincike 148 da aka yi a kan mutum fiye da 300,000, suka tarar waɗanda ke da ƙaƙƙarfar hulɗa da jama'a sun fi marasa ita damar tsawon kwana da kashi 50 cikin 100. Suka kwatanta illar kaɗaici da illar shan taba.

Ɗalibin hadisi ba zai ji wannan ba tare da ya tuna abin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Anas ba, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya danganta yalwar arziki da tsawon rai da sada zumunta. Malamai sun daɗe da tsayawa a kan wannan hadisi, domin Alƙur'ani ya tabbatar ajali ba ya gabata kuma ba ya jinkirta. Imam Nawawi a sharhin Muslim ya kawo amsoshi: ko dai ƙarin na albarka ne, watau mutum ya yi a shekara kaɗan abin da wani bai yi a masu yawa ba, ko ƙari ne gwargwadon abin da ya bayyana ga mala'iku alhali sanin Allah bai sauya ba, ko kuwa kyakkyawan ambato ne bayan mutuwa. Ya rinjayar da ta farko. Abin da likitoci suka gano bai rushe ko ɗaya ba. Wanda Ya ƙaddara ajali Shi Ya ƙaddara sababinsa, kamar yadda Ya ƙaddara ƙoshi Ya sa abinci ya zama hanyarsa. Sai dai a kiyaye: hadisi ba ya jiran Harvard ta gaskata shi, kuma waɗancan mutum 724 duk maza ne farar fata na ƙasa mai arziki, ba wanda ya taɓa jiran damina a cikinsu. Ana ɗaukar abin da suka gano a matsayin shaidar baƙo, a saurara, a gwada da abin da ido ya gani a gida.

Abin da ido ya gani a gida kuwa Bahaushe ya riga ya taƙaita shi da ya ce zumunta a ƙafa take. Tsohon da ake shigowa gaishe shi, wani zai lura ƙafarsa ta kumbura, wani zai ga bai taɓa tuwon dare ba, wani zai ji numfashinsa ya sauya. Kuɗin da aka turo ba ya ganin ko ɗaya cikin waɗannan.

To, sai batun godiyar tsoho, wanda shi ne ya fi wuyar warwarewa. Masu binciken jin daɗin rayuwa suna da wata tambaya da suke yawo da ita ƙasa ƙasa. Sukan ce wa mutum ya ɗauka ga tsani mai hawa daga 0 zuwa 10, ƙasa ita ce mafi munin rayuwa, sama mafi kyau, a wane mataki yake? Waɗansu masana tattalin arziki, David Blanchflower da Andrew Oswald, suka bayyana a 2008 cewa jin daɗi yakan sauka daga samartaka, ya kai ƙasa a wajen shekara 40 zuwa 50, sa'an nan ya sake hawa. Watau tsoho ya fi magidanci kwanciyar rai. Amma wani nazari da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2015 ya nuna wannan hawa ya fi fitowa fili a ƙasashe masu arziki, inda akwai fansho da asibiti. A Afirka kudu da Sahara ba a ga wani sauyi mai yawa tsakanin yaro da babba ba. Ko ma dai yaya ne, sai mai karatu ya ƙaddara an kawo wannan tsani ƙofar wani zaure a Ajingi. Dattijon da aka tarbiyyantar tun yana makarantar allo cewa kai ƙarar Allah wurin bayinsa abin kunya ne, wanda kuma ya san duk abin da ya faɗa zai zama tonon asirin 'ya'yansa a gaban baƙo, wane mataki zai nuna? Zai yi hamdala, mai tambaya ya rubuta lamba ya wuce. Kalmar lafiya ma da ake tambaya da ita ta fi tsanin faɗi, domin a Hausa ta haɗa jiki da gida da gari da zaman lumana, ana kuma amsa ta da lau ko mutum yana kwance.

Inda aka yi tambaya da zurfi, amsa ta fito dabam. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun zauna da tsofaffi 2,152 masu shekara 65 zuwa sama a jihohin da ake jin Yarbanci, suka buga sakamakon a 2007. Sun tarar kusan 26 cikin 100 sun taɓa faɗawa ciwon damuwa mai tsanani, wajen 7 cikin 100 kuma sun yi fama da shi a cikin shekarar da ta gabaci tambayar, mafi yawansu ba su taɓa samun magani ba. Can ma ƙasa ce ta girmama manya, ana kwanciya ƙasa a gaishe su. Ba dalilin da zai sa a zaci zuciyar tsohon Gaya da wani nama aka yi ta.

Addini bai taɓa cewa mai haƙuri ba ya baƙin ciki ba. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne abin misali wajen kyakkyawan haƙuri, duk da haka Suratu Yusuf ta ba da labarin idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, yana haɗiye abin a ransa, yana kai kukansa ga Allah kaɗai. Akwai wani abu a ƙissar nan da ya kamata kowane ɗan cirani ya tsaya a kai. A shekarun fari, hatsi yana zuwa gidan Yakubu daga Masar, kayan raƙuma, har da kuɗin da aka mayar musu a cikin kaya. Gida ya ci, amma idon tsoho bai buɗe ba. Sai da rigar Yusufu ta iso, ya tabbata ɗansa yana raye yana kiransa, sa'an nan gani ya dawo. Yusufu kuwa, yana kan mulkin taskokin ƙasa, bai tsaya ga aike ba, ya sa aka kawo iyayensa wurinsa ya ɗaukaka mazauninsu.

Saboda haka haƙuri aikin tsoho ne tsakaninsa da Ubangijinsa, ladansa nasa ne. Ɗan da ya mai da haƙurin ubansa hujjar nisantarsa ya ci amfanin ibadar wani. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana, fuska kuwa sai an zo ake ganinta.

A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake karantawa a zaurukan ƙasar nan daga Risala har Muhtasar, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace, ko da iyayen ba Musulmi ba ne, kuma ana raba nauyin tsakanin 'ya'ya gwargwadon wadatar kowa. Har mai yi musu hidima da matar uba sun shiga lissafi. Wannan shi ne abin da alƙali zai iya tilastawa, kuma ɗan da ke turo kuɗi ya sauke shi, ba a tauye masa. Amma nafaƙa dabam, biyayya dabam. Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i, da suka haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Allah, sun yi maganar tsufan da ya riske su suna wurin ɗansu, suka hana ko da ƙaramar kalmar ƙosawa, suka yi umurni da tausasa magana da ƙanƙan da kai. Ƙosawa kuwa ba ta kama sai wanda yake kusa, wanda aka maimaita wa labari ɗaya sau uku, wanda aka tayar cikin dare. An kuma ruwaito Annabi ya mayar da wani mutum da ya zo neman izinin fita jihadi, da ya ji iyayensa suna raye, ya nuna masa jihadinsa yana wurinsu.

Ba adalci ba ne a rufe ido daga uzurin ɗan cirani. In ya zauna gida, kowa ya kwana da yunwa, har tsohon. Wanda ya fita domin ya ciyar da iyayensa yana cikin biyayya tun daga tasha. Abin zargi shi ne wanda ya sami yadda zai zo bai zo ba, wanda waya take hannunsa yini guda amma sai ranar aike yake kira, da 'yan'uwa 4 ko 5 da suka kasa shirya yadda ɗaya zai riƙa kasancewa a gida ana karɓa-karɓa. Akwai kuma wata da ba a cika ambata ba, ita ce matar ɗa da aka bari a gida. Ita ke dama kunu, ita ke wanke zanen da ya ɓaci, ita ke jin nishi cikin dare. Mafi yawan malamai ba su wajabta mata hidimar iyayen miji ba, kyautatawa ce daga gare ta. Mijin da ya ɗora mata abin da yake wuyansa, ya kuma ɗauka bashi take biya, ya haɗa laifi biyu.

Wani abin da nisa ke jawowa shi ne a riƙa jingina kowace cuta ga shekaru. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito Annabi ya yi umurni da neman magani, ya bayyana kowace cuta tana da nata, ya toge tsufa kaɗai. Togewar nan ta raba tsufa da cuta, mutane kuwa sun haɗe su. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna wajen 4 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kusan 43 cikin 100 na makantar daga yanar ido take, wadda ake cirewa da ɗan gajeren aiki a asibitocin ido na Kano. Tsoho nawa ne ya daina zuwa jam'i, ya daina duba Alƙur'aninsa, ana cewa girma ne, alhali abin da ya rasa shi ne wanda zai riƙe hannunsa zuwa birni? Haka hawan jini, wanda ba ya sallama sai ya kayar da mutum. Mafi muni shi ne ruɗewar tsufa. Suratun Nahli, aya ta 70, ta ambaci wanda ake mayarwa ƙarshen rayuwa har ya manta abin da ya sani. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, shari'a ta ɗauke wa mai shi alƙalami. Amma tsohuwar da ta fita cikin dare tana sambatu, a wurare da yawa sai a ce mayya ce, kuma ba a cika faɗar haka ga wadda 'ya'yanta maza suke tsaye a ƙofar gida ba.

Wannan ya kawo zance ga wanda ba shi da ɗa ko kaɗan. Malikiyya sun taƙaita nafaƙa ta wajibi ga iyaye da 'ya'ya na cikin mutum. Kaka da gwaggo da baffa ba su shiga ba, saɓanin Hanafiyya da suka faɗaɗa ta ga dangi muharramai. Wannan ba ya nufin an yar da su, nauyinsu ya koma kan jama'a da baitulmali. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a littafinsa na haraji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsohon Bayahude makaho yana bara domin ya biya jiziya, sai ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya samu, sa'an nan ya umurci ma'aji ya sauke wa irinsa jiziya ya yanka musu abin ci, yana ganin rashin adalci ne a ci ƙarfin mutum yana saurayi a watsar da shi da ya tsufa. Manomin Gaya da Ajingi ya ciyar da birni shekara 50 da geronsa da dawarsa da gyaɗarsa, tsarin fanshon da aka kafa a 2004 kuwa don masu albashi aka yi shi. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, Jihar Kano kuma tana da Hukumar Zakka da Hubusi, amma tsohuwar da ke ɗaki a bayan gari liman da mai unguwa ne suka san sunanta.

Hanyar da ta fi kusa da ita tana cikin rumbu. Wanda ya noma wasaƙi 5, watau sa'i 300, zakka ta hau kansa, ɗaya cikin 10 in ruwan sama ne ya shayar. Ba ya halatta ya ba uwarsa ko ubansa daga ciki, tun da ciyar da su ya riga ya wajaba a kansa. Amma gwaggo da kaka da matar baffa da ta rasa miji, waɗanda fiƙihu bai wajabta masa nafaƙarsu ba, sun cancanta in matalauta ne, kuma hadisi ya nuna sadaka ga dangi lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunta. Imam Malik ya fi son kada mai zakka ya miƙa wa danginsa da hannunsa, gudun kada son yabo ya shiga, sai ya wakilta wani amintacce ya kai. Damin geron sai ya bi ta hannun liman ya isa ɗakin tsohuwar, shi kuwa mai gonar ya zo washegari hannu sake, ya zauna ya gaishe ta.